Ƙwan Fitilar Gidan Balad

Sharafiyya, Jidda
Rajab, 1445

Zuwa ga iyalina Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu Manal da duk mutanen Tudun Wada. Ki gaishe mini da Yaya Asma'u, ki ce ina jin labarin ƙafarta, Allah ya sawwaƙe. Ni dai alhamdulillahi. Gwiwar nan ce kawai take yi mini tsiya idan na daɗe a kan tsani, amma har yau ban ga wanda zai riga ni hawa ba.

Kin ce a waya ba na faɗin komai sai "lafiya lau" da "ana jirana". To ga takarda. Maƙwabciyarku Hajiya Barakatu ta gama umara za ta taso, na ce bari in cika miki ki karanta har ki gaji.

Albishirinki. Thamer, kafilina da takardar zamana ke hannunsa, ya ba ni aikin jan wayar wuta na tsohon gidansu na unguwar Balad gaba ɗaya. E, gidan da mahaifinki marigayi Baba Abdulwahid ya yi gadi, inda aka haife ki. Ya daɗe a kulle, yanzu ana ta gyaran tsofaffin gidajen unguwar, su kuma za su mai da nasu wurin shan gahawa da baƙi za su riƙa zuwa kallo. Kamfanoni sun nemi aikin, masu motoci da injiniyoyi. Thamer ya ce a'a, Mu'allim Garba ne zai yi, domin bangon na dutsen teku ne, wanda bai san halinsa ba farfasa shi zai yi. Ni da na sauka ƙasar nan da sukundireba ɗaya a aljihu da ilimin aji uku na sakandare. Ba yabon kai ba ne, abin da ya faru ne.

Ranar da muka fara, na sa aka ɓamɓare silin katakon da aka liƙa a dahliz, zauren shigar nan mai tsawo. Ina haska sama sai na ga wata tsohuwar waya mai rigar zare ta sauko daga jikin azara, a bakinta ƙwan fitila. Saudatu, na fi shekara talatin ina taɓa ƙwai iri-iri, ban taɓa riƙe irinsa ba. A ƙasansa akwai ɗan tsini kamar kan albasa. Gilashin ya yi duhu daga ciki kamar an hura masa hayaƙi. Zaren cikinsa ba murɗaɗɗen ƙarfen da muka sani ba ne, baƙi ne siriri kamar gashin wutsiyar doki, ya lanƙwaso ya yi zobe. Na nuna wa wani tsoho Ba'indiye mai kayan wuta a bayan kasuwa hotonsa. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa, ya ce wannan zaren gawayi ne, ya haura shekara ɗari. Ya ce in sayar masa. Na ce ba nawa ba ne, kuma ko nawa ne sai dai ya kalla.

Da hannuna na sauke shi, ban yarda kowa ya riƙe mini ba. Na naɗe shi cikin auduga, yana cikin akwatina a ɗaki. Ko ke kin san shi? Baba bai taɓa ba ni labarinsa ba.

Na aiko da dabino da turaren nan da kike so, da takalmin Manal.

Aikin zai ɗan ja, saboda haka zuwan da muka yi magana na ƙaramar Salla sai dai bayan Hajji, in Allah ya yarda.

Naki,
Garba


Tudun Wada, Gusau
Sha'aban, 1445

Ya Abu Manal,

Wa alaikumussalam wa rahmatullah. Takardarka ta iso tare da kaya, Allah ya saka da alheri. Muna lafiya. Manal tana fama da jarabawa. Yaya Asma'u ƙafar ta yi sauƙi, bakin ne bai yi ba. Har yau tana riƙe haɓa idan na ce Abu Manal, wai wace irin mace ce ke kama sunan 'yar fari a tsakar gida. Na ce mata ya Yaya, ni a Balad aka haife ni, can uwa ba ta jin kunyar abin da ta haifa. Ta ce ai shi ya sa ake ce miki Balarabiyar Tudun Wada. Ka ji. A Jidda ni Batakaruriya ce, a nan Balarabiya.

Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya saba tasowa daga dama ne makarantar matan aure ta tilasta masa tasowa daga hagu.

Ƙwan kuwa na san shi, wallahi na san shi. Lokacin zafi, idan Baba ya yayyafa wa dahliz ruwa da azahar, nakan kwanta a kan dutsen ƙasa mai sanyi ina kallonsa can sama. Ban taɓa ganinsa a kunne ba. Baba ya ce tun kafin ya zo gidan aka yanke wayarsa. Wai na wani inji ne da kakan Thamer ya sauke daga jirgin ruwa, zamanin da duk unguwar fitilar kananzir ake kunnawa. Da wutar gari ta zo aka ja sabuwar waya ta ƙasa aka bar shi, don babu tsanin da ya kai wurin. Ni da Wejdan, yayar Thamer, kullum muna gardamar kalar da zai bayar. Ita ta ce shuɗi, ni na ce ja. Har muka koma unguwar Mahjar ba a raba mu ba.

Da na gama karantawa na fita tsakar gida na tsaya. Iskar teku nake nema da hancina, wannan mai ɗanɗanon gishiri da ke manna wa mutum riga a baya, wadda na yi shekaru ina zagi. Sai hayaƙin murhun maƙwabta. Kai kana zaune a garina, ni ina zaune a naka. Kana hawa tsani a inda na koyi tafiya, ni ina share ɗakin da ka gina wa kanka ba ka taɓa kwana a ciki ba. Wa ya yi wannan rabon?

Yanzu maganar. Na juya takardar gaba da baya. Ƙwai ya samu shafi guda, ni na samu layi ɗaya a ƙasa, bayan takalmin Manal. Ranar da kuɗin zaman iyali da hukuma ta ɗora wa baƙi ya fi ƙarfinmu ka raka mu filin jirgi, cewa ka yi bayan shekara biyu za ka haɗa kayan shago ka biyo mu. Yanzu muna cikin ta shida. Shagon da ka fitar a gaban gida har yau a rufe yake, nakan buɗe in kore yanar gizo in sake rufewa. Masu wucewa suna tambaya ko na haya ne, ina cewa mai shi na tafe.

Ba dabino nake nema ba. Ka faɗa mini wata, ka faɗa mini shekara. Bas, shi ke nan.

Matarka,
Saudatu


Sharafiyya, Jidda
Farkon Ramadan, 1445

Saudatu,

Salamun alaikum, barkanku da shiga wata mai alfarma, Allah ya sa muna cikin 'yantattun bayi. Ina lafiya. Da dafaffen waken ful da burodin tamis nake buɗa-baki a shago, sai miyar da matar wani ɗan garinmu take aiko mana ranar Juma'a. Ba ta kai taki ba, amma ba a faɗa.

Na ji daɗin labarin dahliz. Na tsaya daidai inda nake tsammani kike kwanciya na ɗaga kai. Gardamarku da Wejdan kuwa ni zan raba ta, domin na ɗora mita a kan ƙwan, zaren bai tsinke ba. Da ransa. Ina haɗa masa taransifoma na musamman, don ɗan bolt ɗari da goma ne, irin tsohuwar wutar Jidda. Kin tuna dutsen gugarki da rediyon Baba da aka ƙona a Mahjar saboda soket biyu masu kama ɗaya.

Kin san ni, ba na taɓa abin da ban san asalinsa ba. Duk bayan sallar asuba ina zaune da waya ina bin tarihinsa, abin da ya shige mini duhu in tambayi Ba'indiyen nan. Ashe mutane sun sha wuya kafin a samu wannan ɗan abin. Sun daɗe da sanin cewa idan wuta ta bi ta siririn abu zai yi ja ya haskaka, matsalar ita ce nan take yake cinyewa. Sai suka gano iska ce ke ciyar da ƙunar. Suka riƙa zuƙe iskar cikin gilashin ta wani ɗan bututu, sannan su narke bakin su liƙe. Tsinin albasan nan da na gaya miki, tabon wurin ne, kamar cibiya.

Mutum biyu ne suka fi suna a kai, Swan a Ingila da Edison a Amurka, wajen shekarar 1879. Zaren auduga, irin wanda kike ɗinki da shi, shi aka gasa a rufaffen wuri har ya zama gawayi bai zama toka ba. Na farko ko kwana ɗaya bai yi ba. Aka gwada takarda, aka gwada itatuwa, har aka dace da gora, aka riƙa ɗauko ta tun daga Japan ana tsagawa siriri. Ita ce ta haura awa dubu. Daga baya aka koma narka auduga ana matso ta ta ƙaramin rami kamar taliya, sannan a gasa. Ina jin namu irin wannan ne. Akwai kuma wani baƙar fata, Latimer, wanda iyayensa suka gudo daga bauta. Bai yi wani dogon karatu ba, shi ya koya wa kansa zanen injuna, kuma ya gyara yadda ake gasa zaren don ya daina karyewa. Da na karanta nasa sai da na tashi na zaga ɗaki. Irinmu ne. Bayan kamar shekara talatin aka samo zaren ƙarfe mai ƙarin haske, aka watsar da gawayi.

Amma ga abin da ya fi ba ni mamaki. Gawayi yana da wata ɗabi'a: idan ya yi zafi sai ya ƙara buɗe wa wuta hanya. Ka ƙara masa kaɗan, ya ja da yawa, har ya cinye kansa. Baƙin da ke jikin gilashin ma jikinsa ne da ya riƙa tashi. Wanda ya bar shi a kan ɗan abin da zai iya ɗauka zai daɗe tare da shi. Wanda ya cika matsa masa shi ke kashe shi da hannunsa. Ki riƙe wannan.

Maganar zuwa kuwa, ai na faɗa miki, aiki ne. Ba a barin waya tsirara a tafi. A nan idan na bi layin Sharafiyya, daga wannan kai zuwa wancan "ya Mu'allim" ake ce mini. Ba zan dawo Gusau in zauna a benci ina sayar da soket ɗaya-ɗaya ana cewa ga tsohon ɗan Makka ba. In zan zo, da mutuncina zan zo.

A sha ruwa lafiya.

Garba


Sharafiyya, Jidda
Shawwal, 1445

Saudatu,

Bayan gaisuwa, barkanku da Salla. Ina lafiya, sai dai tari da ya ɗan kama ni saboda ƙurar bango.

'Yan umarar azumi na Gusau sun zo sun koma. Na je masaukinsu da kaina har sau biyu, kowa na tambaya sai ya ce ba a ba shi komai ba. Hajiya Barakatu da ta sake zuwa ta ce ta leƙa ki kafin ta taso, kin ce a gaishe ni. A gaishe ni, kamar wani maƙwabci. Idan na kira waya ki amsa sallama ki miƙa wa Manal.

Ban san laifina ba. Kin ce ba na magana, na yi magana har hannuna ya yi ciwo. Na ba ki tarihin da ko injiniyan da ke duba aikinmu bai tsaya ya nema ba. Ni ba mai roƙo ba ne, kin sani. Amma idan na dawo ɗaki na buɗe ƙofa, ƙasan ƙofar nake fara dubawa ko wani ya turo takarda.

Garba


Tudun Wada, Gusau
Zulƙida, 1445

Abuya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya jiki, ya tarin? Muna lafiya, na ci jarabawa alhamdulillah. Takalmin ya ɗan matse ni amma ina sawa. Zan ba wani maniyyaci wannan, Ummi ba ta san na rubuta ba.

Abuya, kai da Ummi kun ishe ni. Kana tambayar laifinka, to ga shi. Ranar da takardarka ta azumi ta zo, Ummi tana murna har ta bar ƙosai a wuta. Ta karanta mini labarin auduga da gora tana dariya, tana cewa ubanki ya zama ustaz. Da ta iso wurin da ka ce wanda ya cika matsawa shi ke kashewa da hannunsa, kuma ka ce ta riƙe wannan, sai ta daina dariya. Ta sake karantawa. Ta ce, "Kin ji, ni ce mai matsawa. Na tambaye shi wata, ya amsa mini da karin magana." Na ce mata wallahi Abuya maganar fitila yake yi, kin san shi idan ya kama zancen wuta. Ta ce ta fi ni sanin ka. Ta ce halas, ba za ta ƙara matsa wa kowa ba.

Tun ranar ba ta sake cewa "idan Abuki ya dawo" ba. Rigunanka da take fitarwa ta shanya ta mai da su ƙasan akwati. Ba ta kuka, da ma kukan take yi da ya fi mini sauƙi. Wani lokaci ina jinta tana waƙar Larabci ƙasa-ƙasa a kicin, idan na shigo ta daina.

Abin da ya sa na rubuta: wani tela ya daɗe yana neman shagonka na gaban gida, kullum tana korarsa. Wannan karon ta buɗe masa ya shiga ya auna bango da igiyar awonsa. Ta ce masa idan alhazai suka gama dawowa za ta ba shi mabuɗi. Gwaggo Asma'u ta ce daidai ne, ɗaki ba ya jiran wanda ba shi da ranar zuwa.

Ni dai shekarata sha biyar da ka raka mu jirgi, yanzu ana ce mini Malama a asibitin da nake koyon aiki, kai kuma har yau takalmin ƙafar wancan lokacin kake saya mini.

'Yarka,
Manal


Sharafiyya, Jidda
Bayan Hajji, 1445

Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa irin wadda ta dace da ke. Tarin ya tafi. Kada ki yi wa Manal faɗa, ta rubuto mini, kuma ta kyauta.

Wallahi, Allah shi ne shaida, lokacin da na rubuta layin nan gawayi kaɗai ke cikin kaina. Na ce ki riƙe ne don abin ya burge ni. Amma na karanta takardar Manal na zauna na tuna abin da na rubuta daga baya, na benci da soket, na ga cewa ko ni ne a wurinki haka zan fahimta.

Bari in ba ki labari, daga nan ki yanke hukunci.

Na gama aikin gidan. Ranar Talata bayan la'asar, da ma'aikata suka watse, na rufe tagogin katakon dahliz duka har ya yi duhu. Na mai da ƙwan mazauninsa a kan sabuwar waya. Na yi bisimilla na fara murɗa taransifoma a hankali, kamar mai ba jariri ruwa. Da farko ba komai. Har na ce shi ke nan, iska ta shige shi. Sai na ga zoben ya fara ja, kamar garwashin da aka hure wa toka. Na ƙara kaɗan. Ban kai shi ko kusa da ƙarfinsa ba na tsaya.

Ki gaya wa zuciyarki kin ci Wejdan, ba shuɗi ba ne. Amma ja ma bai faɗe shi ba. Kin san manja idan aka ɗaga kwalbarsa ga rana? To tsakanin wannan da ɗanyen dabino da ya fara nuna. Ba ya kashe ido, mutum zai iya kallon zaren kai tsaye. Bai kori duhun ba, gefe kawai ya ɗan tura shi. Bangon ya yi kalar zuma. Na ɗaga waya in ɗaukar miki, wayar ta mai da shi fari fat kamar na kowane kanti. Na gwada ta kowace fuska, na haƙura. Na sauko na zauna a ƙasa a kan dutsen, ni kaɗai, mutum mai furfura, ina kallon abin da wata yarinya ta yi shekaru tana son gani, ita kuma tana Gusau.

A haka Thamer ya same ni. Ya ce masha Allah, ya ɗan tsaya, sannan ya tambaya ko za a iya kunna shi kullum saboda baƙi. Na gaya masa gaskiya: idan ana kunnawa kullum, ko an lallaɓa shi, wata rana zai cinye. Ya ce to a cire, a sa shi cikin akwatin gilashi da rubutu a ƙasa, a rataya sabo mai kama da shi, ai suna nan cike da kasuwa. Ya ce ta haka zai ƙara wata shekara ɗari.

Ni na cire shi, ni na sa shi a akwatin. Ina rufe murfin na gane ƙaryar da na yi miki ba da sani ba. Na ce ya daɗe ne saboda ba a matsa masa ba. Ba haka ba ne. 'Yan'uwansa da aka yi tare duk sun haska wa mutane cin abinci da karatu da haihuwa, sun ƙare, an jefar. Shi ya daɗe ne saboda an yanke wayarsa an manta da shi a sama. Ban ga abin alfahari a irin wannan daɗewar ba.

Washegari na je ofishin Thamer na ajiye masa mabuɗan shagon Sharafiyya. Da ma sunansa ne a allon, ni dai gumina ne a ciki. Na ce ya buga mini bizar fita. Bai ɗago ba ya ce ta wata nawa, yana nufin ta zuwa da dawowa. Na ce, "Khuruj niha'i." Fita ba dawowa. Ya ajiye biro ya ce, "Ya Mu'allim, ka yi istihara?" Na ce na makara da ita shekara huɗu. Ya yi ta magana, har ya ce babansa da Baba Abdulwahid ba za su so haka ba. Na ce Baba Abdulwahid 'yarsa ya ba ni, ba shago ba.

Kin ce in faɗi wata da shekara. Safar, 1446. Ina jiran a gama takardu in haɗa kayan aikina a kago. Ban san ko zan iya zaman benci ba, kada in yi miki alkawarin zan zama mai daɗin zama. Amma ki dakatar da telan nan, in bai riga ya shiga ba.

Mijinki,
Garba


Tudun Wada, Gusau
Muharram, 1446

Ya Abu Manal,

Wa alaikumussalam. Muna lafiya, muna yi maka barka da sabuwar shekara. Babu mai tafiya yanzu kuma lokaci ya ƙure, don haka Manal za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka.

Alhajin da ka ba saƙo ya kawo da hantsi ina tankaɗe. Na karanta a tsaye. Da na iso "niha'i" sai na zauna a bakin rijiya na yi kukan da na daɗe ban yi ba. Yaya Asma'u ta fito tana cewa kukan murna ne, ku ƙyale ta. Na bar ta a haka. Amma kai ba zan ɓoye maka ba: rabi ne na murna.

Ban sani ba sai ranar. Duk shekarun nan da nake cewa ka dawo, ashe a can ƙasan raina ina jingine da zamanka. Muddin kana Sharafiyya, ina da ƙofar da zan ƙwanƙwasa a Jidda. Idan mata suka tambaye ni ina cewa gidanmu na can. Yanzu ka buga niha'i, ka buga mana mu biyu. Daga yau idan na je garin da aka yanke mini cibiya, baƙuwa ce ni mai biza, a ƙirga mini kwanaki. Ni na roƙa, kuma in za a sake ni zan sake roƙa. Ina gaya maka ne kawai don ka san abin da na biya, kada ka zo kana taƙama kai kaɗai ka bar wani abu.

Saboda haka kafin ka taso ina da aike. Ka je maƙabarta wurin Baba da Ummi. Ka san mu mata ba mu shiga, ban taɓa ganin inda suke ba. Ka tsaya ka yi musu addu'a da bakina, ka ce Saudatu ce, ka ce ba ta gudu ba. Ka bi ta Mahjar ka gaishe da duk wanda ya rage a layinmu. Idan ka samu lambar Wejdan ka ce mata ja ne, kada ka tsaya yi mata bayanin manja. Sannan ka je bakin teku da rana tsaka, lokacin da ba kowa, ka tsaya har rigarka ta jiƙe ta manne maka. Kada ka wanke ta. Ka sa ta a leda ka ɗaure ka taho mini da ita.

Telan ya zo karɓar mabuɗi jiya. Na ce masa mai shi na tafe. Ya ce Hajiya, ai kullum haka kike cewa. Na ce yau da wata nake faɗa.

Yalla, ya Abu Manal. Ka rufe mana garin a hankali, ka taho.

Matarka,
Saudatu